Dillalin Gidaje da Kwanakin Salla

 Ya ku malamai da 'yan kasuwa, yau zancenmu a kan dillalan gidaje da filaye ne, da yadda za su raba kwanakin Salla tsakanin neman abinci da hakkin iyali.

Ku sani aikin dillali ya saɓa da na ma'aikacin albashi. Shi ma'aikaci, ko ofis a rufe ya ke, ƙarshen wata zai karɓi abinsa. Dillali kuwa ba ya da komai sai la'ada, ita kuwa la'ada ba ta fita sai ciniki ya faɗa. Malaman fiƙihu na mazhabar Maliku sun sanya irin wannan lada a babin ji'ala, watau ladan da ba a cancanta sai aiki ya kammala. Mutum ya yi wata biyu yana kai mai saye unguwa unguwa, kadan wani ya riga shi ƙulla cinikin, wahalarsa ta tafi a banza. In an yi sharaɗin biyar cikin ɗari, gidan naira miliyan 20 la'adarsa miliyan 1 ce. Wanda ya san haka na iya kuɓuce masa a yini guda, yaya zai kashe wayarsa ya zauna cin tuwon Salla da kwanciyar rai?

Wani abin da ya ƙara tsananta al'amarin shi ne kasuwar filaye ta kan motsa ne daidai lokacin da jama'a ke hutu. Gabanin Salla masu buƙata su kan fito da fili ko kango, wani don tufafin iyali da ragon layya, wani don biyan bashi. Sa'an nan 'yan kasuwarmu da ke zaune Ikko da Abuja da zangon Ankara da Kumasi su kan zo gida da abin da su ka tara, kwanakinsu kaɗan ne, kowa yana so ya ga fili da idonsa kafin ya koma. Mai sayarwa yana gaggawa, mai saye yana gaggawa, dillali yana tsakiya.

To, shari'a ba ta hana ciniki ranar Idi ba; azumi ne ta hana. Lokacin da ta hana ciniki shi ne daga kiran sallar Juma'a na biyu har a idar, kuma a mazhabarmu cinikin da a ka ƙulla a wannan lokaci warware shi a ke yi. Saboda haka dillalin da ya nuna gida ranar Salla bai yi saɓo ba. Amma fa akwai abin da ya halatta, hankali kuwa ya ce a jinkirta shi.

Ga dalili. Tun da a ka kafa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birane suna hannun gwamnan jiha ne bisa amana, kuma wanda ke riƙe da takardar shaidar mallaka ba ya da ikon mayar da ita ga wani sai da yardar gwamna. Ofishin ƙasa, inda a ke bincika ko takarda ta gaskiya ce, ko an jinginar da ita a banki, a rufe ya ke ranakun hutun da gwamnati ta bayar. Bankuna ma haka. Mai unguwa da dagaci, waɗanda su ka san asalin kowane kango da iyakarsa, suna cikin hidima, domin a al'adar Kano kashegarin Salla a ke Hawan Daushe, rana ta uku Hawan Nasarawa, su kuwa suna tare da hakimansu. Kuɗi kaɗai ne ba ya hutu, gama yanzu da waya a ke tura shi cikin ƙiftawar ido. Ashe ranar Salla hanyar biya a buɗe ta ke, hanyar bincike a toshe. A irin wannan rana ce a ke sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, ko a sayar da gidan gado da ba a raba ba, bayan Salla wani magaji ya taso da hakkin shufu'a, a ƙare gaban alƙali. Mai saye ba zai nemi kowa ba sai dillalin da ya kai shi. Dillali kuwa jarinsa sunansa ne, in ya zube ba ya kwasuwa.

Saboda haka ga shawara. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, Salla tana matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, ba ta zo wa kowa da bazata. Dillali ya duba cinikin da ke hannunsa tun da sauran mako biyu: wanda bincikensa ya cika a rubuta shi gaban shaidu kafin hutu, wanda bai cika ba a gaya wa ɓangarorin biyu ƙarara sai an buɗe ofis. Ranar Idi kanta ya bar ta ga masallaci da iyaye da 'ya'ya. Daga rana ta biyu, baƙon da zai koma a kai shi ya ga wuri da hantsi, a yi magana, amma kada a karɓi kuɗin gida. In ya matsa sai ya bar kafin alƙalami, a rubuta cewa za a mayar masa da shi idan ciniki bai yiwu ba, domin Imamu Maliku bai yarda da kafin alƙalamin da ke nutsewa hannun mai kaya ba.

Sauran tsoron kada wani ya ƙwace ciniki, maganinsa yana hannun dillalan kansu. Waɗanda ke zama rumfa ɗaya su raba kwanakin, wannan ya tsaya yau, wancan gobe, a ajiye sharaɗin rabon la'ada tun gaba, a rubuce. Kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya hana mutum shiga cinikin ɗan'uwansa bayan an daidaita. Da malamai za su riƙa tunatar da wannan a majalisunsu, da dillali ya sami barci.

Ku kuma alhazai masu saye, akwai naku. Kada ku kira dillali yana filin Idi, ko yana tsaye kan ragonsa, ku ce lalle sai yanzu. Shi ma yana da mahaifa da zai gaisar, da yara masu jiran barka da Salla. Fili ba ya da ƙafa, inda ku ka bar shi nan za ku same shi. Wanda ya ce muku in ba ku biya yau ba gobe an sayar, shi ne ya fi cancanta ku jira Litinin ku bincika takardarsa.

Allah ya sa albarka a kasuwarmu, ya maimaita mana.