Dokokin Kare Mai Cin Bashi da Tasirinsu ga Lamunin Gidaje: Nazari daga Bata, Kano

Jingina, wadda malaman fiƙihu ke kira rahanu, tsohon babi ce a shari'a. Ayoyi na 282 da 283 na Suratul Baƙara sun yi umarni da rubuta bashi da kafa masa shaidu, suka kuma halatta riƙe jingina. Sai dai lamunin gida na wannan zamani ba ciniki ba ne tsakanin mutum biyu kaɗai; akwai hukuma a tsakiya, kuma ƙa'idojinta ne ke yanke wa zai samu, wa zai rasa. Ana ganin haka ƙarara a Bata, mahaɗar Fagge da Sabon Gari, inda kuɗi ke juyawa kullum a Kantin Kwari da Singa da kasuwar Abubakar Rimi, amma da wuya a ga ɗan kasuwar da ya mallaki gida ta hanyar banki.

A watan Disamba na 2019 Babban Bankin Najeriya ya fitar da ƙa'idojin kare abokan hulɗar bankuna. Sun wajabta wa mai ba da bashi ya bayyana dukkan abin da za a biya kafin sa hannu, ya kuma tabbatar mai nema zai iya biya. Najeriya ba ita ta fara ba: bayan rikicin lamunin gidaje na 2008, wanda ya raba dimbin iyalai da gidajensu, Amurka ta kafa dokar Dodd-Frank a 2010, ta ɗora wa masu ba da lamuni irin wannan nauyi. Manufar ta dace da shari'a, domin bayyana sharuɗɗa yana kawar da garari, binciken ikon biya kuma yana toshe ƙofar cutarwa. Amma bayyana kuɗin ruwa ba ya halatta shi. Ko lamunin Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa, kuɗin ruwan kashi 6 cikin ɗari ne a kansa, kuma sauƙinsa bai fitar da shi daga hukuncin riba ba.

Matsalar tana ga ma'aunin da ake auna ikon biya da shi. Banki yana neman takardar albashi, da bayanan asusu, da tarihin bashi daga cibiyoyin da dokar 2017 ta tsara. Ma'aikacin gwamnati yana da waɗannan duka. Mai sayar da atamfa a Kwari kuwa, wanda cinikinsa na mako ɗaya kan fi albashin wancan na wata, dukiyarsa tana cikin haja da bashin da yake bin abokan ciniki, shaidarsa littafin shago ne da amanar 'yan layinsu. A idon ƙa'ida ba shi da tabbas, don haka bankin da ke tsoron hukunci ya gwammace ya sallame shi.

Sai kuma batun ƙasa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha ga gwamna, sashe na 22 kuma ya hana jinginar da fili ba da izininsa ba. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo, a 1989, Kotun Ƙoli ta soke jinginar da aka yi babu wannan izini. Tun daga nan banki ba ya kallon gidan da ba shi da cikakkiyar takardar mallaka. Tsofaffin gidajen Fagge kuwa da yawansu na gado ne, wasu ba a ma raba ba, shaidarsu takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa. Abin lura ga ɗalibin fiƙihu: a mazhabar Malikiyya jingina ba ta cika sai da hauzi, wato mallakar iko a kan abin da aka jinginar, kuma malaman zamani suna ganin rajistar jingina a ofishin filaye tana tsayawa a matsayinsa. Ke nan dokar ba ta saɓa wa fiƙihu a asali ba. Jinkiri da tsadar izinin ne suke korar mutane.

Su ma masu ba da lamunin ba su tsira ba. A 2011 an ɗaga jarin bankunan lamunin gidaje zuwa naira biliyan 5 ga na ƙasa baki ɗaya, biliyan 2.5 ga na jiha, ƙanana da yawa suka haɗe ko suka bar fagen.

A shekarar ce kuma aka fitar da tsarin bankunan da ba sa hulɗa da kuɗin ruwa, Jaiz ya buɗe a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano. Majalisar Fiƙihu ta Jidda ta riga ta hana lamunin gida mai kuɗin ruwa a 1990, sannan a 2004 ta halatta musharaka mutanaƙisa, inda banki da mai nema suke tarayya a gida, shi yana biyan hayar kason banki yana sayensa sannu a hankali. Wannan ya warware batun riba, bai warware na takarda ba, domin ƙa'idojin binciken ikon biya da izinin gwamna suna hawa kan bankin Musulunci kamar kowane banki. Akwai kuma tambayar tarar jinkiri. Aya ta 280 ta wajabta saurara wa wanda ke cikin ƙunci, kamar waɗanda gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ta cinye wa haja. Ga mai taurin bashi da gangan, masu fatawar zamani sun dogara da abin da Haɗɗabi ya ruwaito daga wasu Malikawa a Tahrirul Kalam, suka yarda ya ɗauki alkawarin sadaka in ya jinkirta, da sharaɗin kada kwabo ɗaya ya shiga aljihun banki.