Ƙishirwar da Kuɗi Ba Ya Kashewa

Makarantar horar da limaman Katolika da ke Jos tana ɗauke da sunan Agustin, malamin da aka haifa a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Shi ya tsaya kai da fata cewa babu ɗan Adam da ba ya neman sa'ada: mutum biyu, ɗaya ya shiga soja ɗaya ya ƙi, duk abu guda suke bi, hanya ce ta raba su. Ina ganin gaskiya ya faɗa, kuma Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, shi ya fi kowa fayyace dalilin.

Akwinas ya bi abubuwan da mutane ke wa kallon sa'ada, dukiya da girma da suna da mulki da jin daɗin jiki, ya nuna babu wanda ya isa. Kan dukiya ya fi burge ni. Ya ce buƙatar abinci da sutura tana da iyaka, domin ciki yana cika, amma son kuɗi ba ya cika, tunda kuɗi hanya ce zuwa wani abu, kuma mai riƙe da shi kullum yana hangen gaba. Mutanen jihar Filato sun ga haka da idonsu: kamfanonin Turawa sun kwashe shekaru suna haƙar kuza, ba su taɓa cewa ya isa ba sai da kasuwa ta faɗi, suka bar ramuka cike da ruwa a kewayen Bukuru. A wurin Akwinas, zuciyar da ke son alheri marar iyaka Allah kaɗai ke ƙosar da ita. Musulmin da ya san Kimiya'us Sa'ada ta Imam Gazali ba zai ɗauki wannan a matsayin baƙon zance ba.

Mai musu zai ce: in kowa sa'ada yake nema, me ya sa maƙwabci ya ƙona gidan maƙwabci a Jos a Satumbar 2001? Amsar Akwinas ita ce mutum ba ya zaɓar sharri sai ya yi masa kamannin alheri, ramuwa ta zo masa a rigar adalci. Wannan bayani ne, ba uzuri ba. Dans Skotus, wani malami da ya rasu a 1308, ya ƙara abin da nake ganin ya cike giɓin: ko an nuna wa mutum sa'ada ƙiri-ƙiri, yana da ikon kau da kai, don haka alhakin zaɓinsa yana wuyansa.