Biro: Alƙalamin Da Ya Ci Sunan Mai Shi

Shin mai karatu ya taɓa tambayar kansa inda kalmar "biro" ta samo asali? Kullum tana bakinmu, a makaranta, a ofis, har a banki inda ake cewa, "Malam, ara mini bironka," daga nan kuwa kai da shi sai a mafarki. To, ashe sunan mutum ne, kuma ɗan jarida irinmu.

Sunansa Laszlo Biro, an haife shi a birnin Budapest na ƙasar Hangari cikin 1899. Alƙalamin zamaninsa ya ishe shi da ɗigar tawada, ya ɓata takarda, ya ɓata riga. Sai ya lura cewa tawadar buga jarida tana bushewa nan da nan, amma kaurinta ya hana ta gudana cikin alƙalami. Shi da ɗan'uwansa Gyorgy, masanin haɗa sinadarai, suka gyara tawadar, suka sanya wani ɗan mitsitsin ƙwallon ƙarfe a bakin alƙalamin, yana juyawa yana ɗebo ta yana shafawa a takarda. Ya yi rajistar wannan fasaha cikin 1938. Da yake Bayahude ne, tsanantawar 'yan Nazi ta kore shi daga Turai, ya koma Ajantina, inda ya rasu cikin 1985. Mutanen ƙasar sun mai da ranar haihuwarsa, 29 ga Satumba, Ranar Masu Ƙirƙira.

Wanda ya kawo biro aljihun talaka kuwa shi ne Marcel Bich na Faransa, wanda ya fitar da samfurin Bic mai araha cikin 1950. Zuwa 2006 an sayar da guda biliyan 100.

Ɗauko naka ka duba da kyau. Kusurwa shida da ke jikinsa su ke hana shi gangarawa daga tebur. 'Yar hudar da ke gefe tana shigar da iska don tawada ta sauko daidai. Hudar kan murfi kuwa ta ceton rai ce: idan yaro ya haɗiye murfin ya maƙale a maƙogwaro, iska za ta sami hanyar wucewa. Iyaye su lura, domin yara ba su da abin tauna a aji kamar murfin biro. Waɗanda suka ga zamanin kaset kuma ba za su manta ba, da biro ake naɗe zaren kaset in rediyo ta tauna shi.

Kakanninmu sun yi rubutu da alƙalamin kara, suna tsoma shi a kurtun zuge, kowane malami da hannunsa da ake ganewa. Biro bai kashe wannan ba, domin har yanzu ɗa kan gane rubutun mahaifinsa a tsohuwar wasiƙa, ko da mai rubutun ya daɗe a ƙasa. Saƙon wayar hannu kuwa, na kowa kama ɗaya ne, in wayar ta lalace ya tafi ke nan.

Saboda haka, jama'a, a wannan mako kowa ya ɗauki biro ya rubuta wa wani nasa wasiƙa, ko da layi biyar ne. In kuwa na aro ne, don Allah a mayar wa mai shi.