Takardar Mallakar Gida a Ingila: Me Mai Saye Yake Karɓa?

Gabatarwa

A nan Nijeriya, idan mutum ya sayi gida, hankalinsa ba ya kwanciya sai ya riƙe takarda a hannu, musamman wadda gwamna yake sa wa hannu bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wato C of O. Da wannan tunani ne wasu 'yan ƙasarmu suke sayen gida a London ko Manchester, su biya kuɗi, su karɓi makulli, sannan su zauna jiran takarda mai hatimi wadda ba za ta zo ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin abin da mai saye yake samu a Ingila, da kuma inda haɗarin yake.

Rajista Ita Ce Shaida

An kafa Ofishin Rajistar Filaye na Ingila da Wales a 1862. A da, yakan bai wa mai gida takardar shaida ya adana. Amma tun da dokar rajistar filaye ta 2002 ta fara aiki a watan Oktoban 2003, aka daina ba da ita. Yanzu shaidar mallaka ita ce sunan mutum a cikin rajistar da ofishin yake ajiyewa a kwamfuta. Kowane gida mai rajista yana da lambarsa, da taswira wadda aka zagaye harabarsa da jan layi, da kuma bayani mai kashi uku. Kashi na farko yana siffanta gidan. Na biyu yana ɗauke da sunan mai shi da adireshinsa. Na uku yana nuna nauyin da ke kan gidan, kamar bashin banki idan an jinginar da shi. Kowa yana iya sayen kwafin wannan bayani ta intanet. Tun Disambar 2024 kuɗinsa fam 7 ne.

Matakan Ciniki

Lauyoyi ne suke gudanar da cinikin. Da farko ana musayar yarjejeniya, inda mai saye yakan ba da kafin alƙalami, galibi kashi 10 cikin ɗari. Daga nan duk wanda ya fasa zai yi asara. Sai ranar cika kuɗi, wadda a cikinta ake miƙa makulli, fom ɗin canjin mallaka mai suna TR1 kuma ya fara aiki. Bayan haka ana da kwana 14 a biya harajin sayen gida. Tun Afrilun 2021, wanda ba mazaunin Birtaniya ba yana biyan ƙarin kashi 2 cikin ɗari. A ƙarshe lauya zai nemi a sauya suna a rajista.

A nan ne ya kamata mai karatu ya lura. A idon doka, cikakkiyar mallaka ba ta komawa ga mai saye sai an shigar da sunansa, kuma hakan yana iya ɗaukar makonni ko watanni. Saboda haka riƙe makulli bai isa ba. Wajibi ne mai saye ya bi lauyansa har ya aiko masa da kwafin rajistar, ya duba sunansa harafi bayan harafi, ya tabbatar ya dace da na fasfo ɗinsa. Wanda yake rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata, zai sha wahala ranar sayarwa ko rabon gado.

Mallaka Iri Biyu

Ga ɗalibin harshe, akwai darasin fassara a nan. Dokar Ingila ta bambanta mallaka ta dindindin, wadda ta haɗa gini da ƙasar da yake kai, da hayar dogon zango ta shekara 99 ko 125 ko 999. Yawancin sassan gidajen bene a kan tsari na biyu ake sayar da su, kuma darajarsu tana raguwa yayin da shekarun suke ƙarewa. Mai fassarar da ya kira duka biyun "mallaka" kawai ya ɓoye wa mai saye abin da ya fi buƙatar sani.

Tsare Dukiya Daga Nesa

Gidan da mai shi yake wata ƙasa yana cikin waɗanda 'yan damfara suka fi hari, domin sukan yi sojan gona su sayar ko su jinginar. Ofishin ya yarda a ajiye adireshi har uku, ciki har da na ƙasar waje da na imel, kuma yana da tsarin sanarwa kyauta idan wani ya nemi taɓa rajistar gidan. Wanda ya saya da sunan kamfanin waje kuwa, tun Agustan 2022 dole ya bayyana ainihin masu kamfanin.

Kammalawa

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Wanda ya sayi gida a Ingila kada ya tsaya jiran hatimi. Ya nemi lambar gidan, ya ga sunansa a rajista da idonsa, ya san irin mallakar da ya saya, kuma ya sanar da magadansa wannan lamba tun yana raye.