Anza a Gaban Kyamara

A watan Yulin 2005 wata 'yar jaridar BBC mai suna Hilary Andersson ta sauka Maraɗi tare da masu ɗaukar hoto. Abin da suka ɗauka ya zagaye duniya cikin 'yan kwanaki: yara ƙanana kwance a sansanin ƙungiyar likitocin agaji ta MSF, fata ta manne da ƙashi, iyayensu mata zaune a gefe sun zuba tagumi. Daga nan 'yan jarida suka yi ta kwararowa. Suka shiga ƙauyuka, suka tarar da mata suna tsinkar ganye, suna jiƙa waɗansu 'ya'yan itace masu ɗaci a tukunya. Aka gaya wa masu kallo a Turai da Amurka cewa ga inda yunwa ta kai mutanen Nijar, sun koma cin ciyawa da 'ya'yan itace masu guba. Waɗannan 'ya'yan itace na anza ne.

Shekarar kam ta yi tsanani. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, fara kuma ta sauko daga arewa ta afka wa gonaki da makiyaya. Giɓin hatsin da aka lissafa ya kai kimanin tan 223,000, wanda ba shi ne mafi muni da ƙasar ta taɓa gani ba. Farashi ne ya karya talaka. Manomi ya sayar da geronsa da arha lokacin kaka don biyan bashi, da bazara ta yi ya dawo kasuwa ya tarar buhu ya ninka har ya kusan jika 30 a waɗansu wurare. Hatsi na nan jibge a rumfunan 'yan kasuwa, kuɗin saye ne babu. Makiyayi ya kai saniya ramammiya, kuɗinta bai kai na buhu ɗaya ba. Gwamnati ta tsaya kan sayar da hatsi da rangwame, ta daɗe ba ta yarda da rabon kyauta ba. A watan Mayu Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16, kusan ba wanda ya waiwaye ta. Sai da hotunan Maraɗi suka fita kuɗi suka fara zuba, a watan Agusta aka ɗaga roƙon zuwa dala miliyan 81, babban sakataren Majalisar na lokacin, Kofi Annan, da kansa ya zo Damagaram. A cikin watan ne Shugaba Mamadou Tandja ya gaya wa BBC cewa babu yunwa a ƙasarsa, mutane ma da alamar ƙoshi a jikinsu. Maganar ta ɓata wa mutane da yawa rai, kuma suna da dalili.

Wanda bai san anza ba, ƙaramin itace ne da ba ya tsoron fari. Lokacin da komai ya bushe a daji shi yana nan kore shar. 'Ya'yansa, waɗanda ake kira dilo, suna nuna ne daidai lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa. Yara kan tsotse zaƙin da ke bayansu, amma abincin yana cikin ƙwayar, ita kuwa ɗacinta ya wuce misali, kuma wanda ya ci ta haka nan zai cutu. A nan ne ilimin mata ya shigo. Za a shanya, a surfa, a fitar da ƙwayar, a jiƙa ta cikin ruwa, ana zubarwa ana sake wani, kwana da kwanaki, har sai an ɗanɗana an ji ɗacin ya tafi. Waɗansu kan sa toka ko kanwa don aikin ya yi sauri. Bayan haka a dafa ta kamar wake, ko a niƙa a gauraya da ɗan garin gero. Aiki ne mai cin ruwa da haƙuri, a wurin da ruwan ma sai an jawo shi daga rijiya mai zurfi. Matar da gajiya ko kukan yara ya sa ta gajarta kwanakin jiƙo, gidanta ne zai kwana da ciwon ciki. Tsofaffi sun san wannan tun zamanin Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914, sun kuma sake aiki da shi a yunwar 'Yar Buhari ta 1984. Gidaje da yawa da ke raye yau anza ce ta ƙetarar da kakanninsu.

Shekara uku bayan fitar hotunan Maraɗi, a 2008, gidan talabijin na TV2 a ƙasar Norwe ya fitar da wani shiri da ya tayar da ƙura. Masu shirin suka ce BBC da Jan Egeland, jami'in agajin gaggawa na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, sun zuzuta lamarin, sun mayar da abincin gargajiya shaidar yunwa. Cikin waɗanda suka yi magana a shirin akwai Esther Garvi, wadda ta tashi a Damagaram. Iyayenta sun zo Nijar tun shekarun 1980 da ƙungiyar Eden, suka kafa gonar gwaji a Dalli kusa da Tanut, suna raba wa manoma irin itatuwan daji masu ba da abinci ba tare da ban ruwa ba. Abin da ta tsaya a kai shi ne anza da ganyayen nan abinci ne da mutane suka sani, ba abin kunya ba ne. BBC ta musanta zargin, ta kuma hana a ci gaba da amfani da hotunanta a cikin shirin.

Ni a ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Mutanen Norwe sun yi daidai game da anza. Amma duk wanda ya kalli shirinsu ya tashi da tunanin cewa ba a mutu ba a 2005, ya zalunci iyayen da suka binne 'ya'yansu. MSF kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a wannan shekara. Babba yana iya jan rai da anza da kwaɗon tafasa har sabon gero ya fito. Yaron da aka yaye, ga zazzaɓin sauro ga gudawa, cikinsa ba ya ɗaukar wannan abinci. Ɗan ƙauye yana bambance waɗannan abubuwa ba tare da an koya masa ba. Cin ganye da damina al'ada ce. Idan aka wayi gari ana cin anza kullum ba ko ɗan gari a ciki, mata sun fita tonon gidan tururuwa don kwaso hatsin da ta tara, an sayar da akuyar da ake sa ran ta haihu, maza sun watse zuwa Najeriya, to lamari ya ɓaci. Da an zauna an tambayi matan da ke bakin tukunyar, da sun faɗi wannan duka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya a gidajen talabijin ɗin Turai da Amurka. A 2006 tashar Discovery ta fara shirin Man vs. Wild, inda ake sauke wani tsohon sojan Ingila, Bear Grylls, a daji ko hamada, ya nuna yadda mutum zai rayu da saiwa da ƙwari da ɗanyen nama. Shirin ya sa ya yi suna a duniya, ko da yake a 2007 ta bayyana cewa a waɗansu darare a otal yake kwana, har daga baya ya nemi afuwa. A 2007 ɗin BBC ta nuna shirin Ray Mears da masanin tsirrai Gordon Hillman, suna bin dazuzzukan Ingila suna neman abin da mutanen dā suka ci kafin noma, suna gwada jiƙa ƙwayoyi masu ɗaci don a ci, wato irin aikin anza ke nan. A 2015 aka fara Alone, gasar da ake ajiye mutum goma kowa shi kaɗai a daji, wanda ya fi jimawa ya karɓi dala 500,000. Wanda ya ci gasar farko, Alan Kay, kwana 56 ya yi a tsibirin Bankuba na Kanada, yana cin ciyawar teku da abin da ya tsinta a bakin ruwa. Ban raina jarumtar waɗannan mutane ba. Abin da ke min ciwo shi ne sanin daji ɗaya ne, amma a hannunsu an kira shi gwaninta an biya shi da dukiya, a hannun iyayenmu mata kuwa an kira shi wahala, har 'ya'yanmu suka fara jin kunyarsa.

Mai son ganin wannan ilimi da ransa ya je ƙasar Gaya, inda Nijar ta haɗa iyaka da Benin da Najeriya, ya shiga garin Bengu. Nan ne yankin da ya fi samun ruwan sama a ƙasar, ga fadamun Dallol Mauri da Foga, inda ruwa ke kusa da ƙasa, ana noman rake da dankali, ana kuma dafa gishiri tun kafin matafiyin Bature Heinrich Barth ya ratsa Foga a 1853 ya ga masu aikin. A nan daji kasuwa ce mai ci duk shekara. Bayan kaka gawasa da magarya da kanya, sai tsamiya da kuka. Da bazara ɗorawa ta nuna, a sha garinta, a ajiye kalwa don daddawa. Ruwa na sauka kaɗanya ta zubo, tafasa da gasaya da lalo su tsiro a bayan gida, can gaba ɗinya ta biyo. Yarinya da ke bin uwarta itace tana koyon waɗannan tun ba ta iya ɗaura zane ba: wanne ake ci ɗanye, wanne sai an tafasa an zubar da ruwan fari, wanne ba a ko taɓa shi.

Amma sarkin itatuwan wannan ƙasa giginya ce. Dajin giginyar Dallol Mauri shi ne mafi girma a Nijar. Ana shan 'ya'yanta, ana saƙa da karinta, ana tsaga gangar jikinta a yi azara wadda gara ba ta iya ci. Sai kuma muruci. Mata da yara kan tara ƙwallayen, a binne su a rami da farkon damina, bayan watanni a tono tsiron da ya yi ƙasa, a dafa. Shi ne ake gani a faranti a tashar Gaya, a Doso da Yamai, har ƙetaren iyaka a Kamba. Gidaje da yawa da kuɗin muruci suke sayen sabulu da magani.

Wannan giginya ma tana da nata labarin. Tun zamanin Faransa aka sa ta cikin itatuwan da doka ta tsare, bayan samun 'yancin kai kuma aka ci gaba a haka. Manomi na da giginya a tsakiyar gonarsa amma ba shi da ikon sare ta. Takardar izini a hannun ma'aikatan gandun daji take, masu kuɗin saye kuwa 'yan kasuwar birni ne, su zo su sare su loda azara a mota su wuce. Kirarin da Hausawa ke yi wa giginya, na nesa ka sha inuwarki, ya tabbata a kan mutanen dallol. Wanda bai da rabo a itace ba zai wahala wajen renonsa ba, saboda haka manoma suka daina kula da 'yan tsiron da ke fitowa a gona, daji ya yi ta tsufa yana raguwa. Sai a shekarun 1990 aka sake lale. Dokar karkara ta 1993 ta buɗe ƙofa, wani shiri da ƙasar Suwis ta tallafa tare da ƙungiyar kare halittu ta IUCN ya mayar da kula da giginya hannun kwamitocin ƙauyuka. Su ke gadi, su ke sayar da azara bisa ƙa'ida, wani kaso na kuɗin ya zauna a gari. Da mutane suka ga itacen ya zama nasu, suka koma shuka ƙwallo da tsare tsiro. A 2004 aka sa Dallol Mauri cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Matsala ba ta ƙare ba, don gonaki na ƙara cin daji, kuma idan aka kwashe ƙwallaye duka aka yi muruci ba abin da zai maye gurbin tsofaffin itatuwa.

Anza ma ta samu masu tsaya mata. A 2014 Josef Garvi, ɗan'uwan Esther, ya kafa kamfanin Sahara Sahel Foods a Damagaram. Suna sayen anza da aduwa da magarya daga hannun matan ƙauye, su wanke ɗacin, su yi gari da biskit da mai, su sa a leda su kai kanti. Abin da aka nuna wa duniya a matsayin shaidar halaka a 2005 yau yana da farashi, kuma mace na samun kuɗi da saninta.

Kirana ga matasan Bengu da Bana da Yelu da Tunuga, da duk inda wannan rubutu ya kai, shi ne ku yi amfani da wayoyin da ke hannunku. Ku zauna da Inna da Kaka, ku ɗauki yadda suke jiƙa anza, yadda suke binne muruci, sunan kowane ganye da lokacinsa da haɗarinsa, da bakinsu kuma da harshensu. Gidajen rediyon karkara su ba tsofaffin nan fili, malaman makaranta su fita da yara bayan gari ko sau ɗaya a wata. Manomi kuma, idan ka ga tsiron giginya ko gawasa ko ɗorawa a gonarka da damina, ka ɗaga fartanya ka bar shi.