Gungume Biyu, Shekara Ɗaya

A wata rumfar masu sayar da katako a Zongon Agoè, arewa da Lome, inda aka mayar da Hausawa bayan rushe tsohon Zongo a 1977, an sauke gungumen bishiyar tik biyu daga mota ɗaya. Ɗaya sai an sa hannu biyu ake rungumarsa, ɗayan kuwa bai wuce turken rumfa ba. Direba ya rantse cewa gona ɗaya aka sare su, kuma damina ɗaya aka dasa su. Kafintoci suka ce ba ta saɓu ba, bindiga a ruwa.

Wani dattijon kafinta ya ɗauko zarto ya yanke bakin kowanne, ya goge da ruwa. Tik yana ajiye zobe ɗaya a jikinsa kowace shekara, domin da rani yana kakkaɓe ganye ya dakata da girma. Aka ƙirga: ashirin a wannan, ashirin a wancan. Direba ya fita daga zargi.

Sai aka zargi ruwan sama. Kudancin Togo ba shi da ruwa kamar sauran gaɓar teku, har Lome kan yi shekara ba ta sami milimita 1,000 ba. To amma hadarin da ya zuba wa wannan shi ya zuba wa wancan. Aka koma kan gobarar daji, aka duba ɓawo da tsokar itacen, babu tabon wuta ko ɗaya.

Dattijon ya kira wani almajirinsa. "Yaro, dubi tsakiyar siririn nan. Me ka gani?"

"Baba, zobba biyar na farko masu faɗi ne, daidai da na ƙaton. Daga na shida suka matse, ko farce ba ya shiga tsakaninsu."

Ashe tare suka tashi, wani abu ne ya sami siririn a shekara ta shida. Aka tambayi direba inda kowanne yake tsaye. Ya ce ƙaton a bakin hanya yake, siririn kuwa can tsakiyar gona.

Nan zare ya warware. Akan dasa tik da tazarar mita biyu, wato bishiya 2,500 a hekta ɗaya, don su miƙe sambal ba rassa. Bayan shekara biyar ko shida kawunansu sukan haɗu, rana ta daina shiga, saiwoyi su yi ta kokawar ruwa. A lokacin ya kamata a sare kusan rabi, kamar yadda manomi ke rage gero a rami, a maimaita bayan 'yan shekaru har manyan da suka rage su sake. Mai gonar bai yi ba, yana ganin sare bishiya asara ce. Na bakin hanya kaɗai ya sha rana.

Jamusawa ne suka kawo tik Togo a farkon ƙarni na 20. Idan an makara wajen rage cunkoso, ba a buɗe daji lokaci guda, don iska za ta kayar da siraran. Kaɗan-kaɗan ake yi, a fara da karkatattu da masu ciwo. Abin da aka cire ba ya tashi a banza: turaku ne, itacen girki ne, gawayi ne da gidajen Lome ke saye kullum.

Tun 1977 Togo ke bikin dashen bishiya kowace ranar 1 ga Yuni, kuma hukumar ODEF na kula da gandun gwamnati tun 1971. Dashe kowa ya iya shi. Mai son katako mai kauri sai ya koma gona da gatari a shekara ta biyar.