Karatu a Ingila Tare da Koyon Aiki: Bayani ga Hakimai da Malamansu

Kowace shekara iyaye sukan zo wurin Hakimai neman shaidar asalin 'ya'yansu masu niyyar tafiya karatu ƙasashen waje, su kuma nemi shawara. Waɗansunsu har gona ko shanu sukan sayar domin wannan tafiya. Saboda haka ya kamata Hakimai da malamansu su san irin karatun da ya cancanci wannan ɗawainiya. An yi wannan bayani a kan Ingila, gama can ne ɗaliban Arewa suka daɗe suna zuwa.

Asalin al'amarin

A shekarar 1945 aka aika Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa Jami'ar London domin ƙaro ilmin koyarwa, Malam Aminu Kano ya bi baya a 1946. A 1948 kuma Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, wanda ya taɓa riƙe hakimcin Rabah, ya tafi ya ga yadda Turawa ke tafiyar da ƙananan hukumominsu. Dukansu ma'aikata ne tun kafin su tashi, malaman makaranta ko ma'aikatan En'e. Kowannensu ya san aikin da ya baro, ya san wanda zai komo ya tarar. Yaron yau kuwa sau da yawa daga aji yakan fito ya faɗa wani aji, bai taɓa riƙe aiki ba. Wannan giɓi ne koyon aiki ke cikewa.

Yadda tsarin yake

Digirin farko a yawancin jami'o'in Ingila shekara 3 ne. Amma akwai tsarin da ake yinsa a shekara 4, watau ɗalibi ya yi shekara biyu a aji, ya fita shekara ta uku ya yi aiki a kamfani ko masana'anta ko ofis, sa'an nan ya komo ya ƙarasa. Waɗansu darussan digiri na biyu ma ana haɗa su da watannin aiki. Dokar biza ta yarda da haka bisa sharaɗi biyu: aikin ya zama ɓangare ne na karatun wanda jami'a za ta auna, kada kuma ya wuce rabin tsawon karatun duka.

Wannan dabam yake da aikin neman guzuri. Ɗalibin digiri yana da iznin yin aikin lada har sa'a 20 a mako lokacin karatu, a kanti ko gidan abinci. Yana rage masa wahala, amma ba ya isa biyan kuɗin makaranta, kuma ba shi ne koyon sana'ar da ya je nema ba.

A gida ma an san irin wannan tsari. Asusun Horas da Ma'aikata na Tarayya, wanda aka kafa a 1971, ya fara tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu a 1973. Na Ingila ya bambanta ne wajen tsawo, kuma a can ɗalibi shi zai nemi gurbin da kansa. Zai rubuta takarda, a kira shi a gana da shi, ya yi takara da 'yan ƙasa. Jami'a tana taimako, amma ba ta lamunce wa kowa samu.

Amfaninsa ga harshe

Yaro yakan ci jarrabawar Turanci a gida da kyau, ya isa can ya kasa gane maganar mai tuƙa mota. A jami'a yana iya zama bayan aji ya yi shiru, ya koma masauki wurin 'yan'uwansa su yi ta Hausa, har shekara ta ƙare harshensa bai sake ba. A wurin aiki babu wannan mafaka. Dole ya amsa waya, ya rubuta rahoto a taƙaice, ya yi bayani a gaban taro, ya tambaya in bai gane ba. In ya yi kuskure a nan take za a gyara masa, gama aikin wani yana jiran nasa.

Amfaninsa ga zaɓen sana'a

Da yawa yara kan zaɓi fanni domin sunansa ko domin burin iyaye. Wanda ya karanta aikin injiniya, sai ya tsaya a masana'anta zai san ko zane ya fi so, ko gyaran injuna, ko lissafin kuɗin aiki. In ya ga hanyar ba tasa ba ce, yana da sauran shekara guda da zai gyara zaɓen darussansa. Gani ya kori ji. Bayan haka yakan fito da takardar shaida daga shugaban da ya ga aikinsa da ido, wadda masu ɗaukar ma'aikata ke girmamawa ƙwarai.

Abin da za a tambayi iyaye

In uba ya zo da wannan magana, malamin Hakimi ya bi waɗannan da shi:

1. Takardar karɓa daga jami'ar ta fito, ko daga hannun dillali? A tabbatar jami'ar tana cikin waɗanda Gwamnatin Ingila ta ba iznin ɗaukar baƙin ɗalibai.
2. An rubuta koyon aiki a cikin tsarin karatun, ko da baki aka faɗa?
3. Wace shaidar Turanci ake bukata? Waɗansu jami'o'i suna karɓar sakamakon WAEC, waɗansu sai jarrabawar IELTS, mai auna ji da karatu da rubutu da magana.
4. Kuɗin makaranta da na zama sun cika? Ana bukatar su kwana 28 a banki kafin neman biza, ban da kuɗin asibiti da gwajin tarin fuka.
5. Yaron yana da iyali? Tun Janairun 2024 yawancin masu digiri na biyu ba su da iznin tafiya da mata da 'ya'ya.

Wanda ba shi da hali kada ya taɓa gonar gado. Akwai tallafin ƙasashen Kwamanwel da aka kafa a 1959, da na Chevening da aka fara a 1983. Na biyun yana neman wanda ya riga ya yi aikin shekara 2, kuma da sharaɗin ya komo gida bayan ya gama.

Ana roƙon Hakimai su sa a karanta wannan bayani ga Dagatai da Masu Unguwa a majalisa, domin ya kai ga iyaye tun ba su ba kowa kuɗi ba.